Tsohuwar waƙa a bakin sabon ƙaho: sata ce ko sana'a?

Duk lokacin da wani mawaƙi ya ɗauko tsohuwar waƙa ya sake ta, sai gardama ta kaure a Facebook da majalisun hira. Wasu su ce satar fasaha ce, wasu su ce girmama na gaba ne, wasu kuma su ce basira ce ta ƙare. Gardamar takan ƙara zafi idan aka ci karo da faifan da babu sabuwar waƙa ko ɗaya a cikinsa, kuma masu shi ba su ɓoye hakan ba, har ma da shi suke tallata faifan.

Irin wannan faifai ne wasu mabusa biyar na ƙasar Kanada, da ake kira Canadian Brass, suka fitar a 1999, shekarar da Duke Ellington, shahararren makaɗin jaz na Amurka, zai cika 100 da haihuwa da yana raye. Sunan faifan Take the "A" Train, waƙoƙin cikinsa kuma na gidan Ellington ne, an daɗe da saninsu. Ba mawaƙi, ba fiyano, mutum biyar ne da ƙahonin tagulla. Duk da haka faifan ya shiga takarar Grammy, babbar kyautar kiɗa ta Amurka, a 2000. To me aka yaba, tunda waƙoƙin ba nasu ba ne? Wa ya yi aikin? Kuma abin da suka busa, har yanzu jaz ne?

Mece ce waƙar gado a kiɗan jaz?

Makaɗan jaz suna da wani rumbun waƙoƙi da suke kira sitandad, wato waƙoƙin da suka zama gadon kowa a sana'ar. Galibinsu an rubuta su ne tsakanin shekarun 1920 da 1950. Wasu daga wasannin dandamali na Broadway a birnin New York suka fito, wasu daga finafinan Hollywood, wasu kuma makaɗan jaz ɗin ne suka tsara da kansu, irin su Ellington da Thelonious Monk. Babu hukumar da ke naɗa waƙa ta zama ta gado. Yawan busa ta ne, shekara bayan shekara, har ta kai duk wanda ya ce shi makaɗin jaz ne ana sa ran ya haddace ta.

Amfanin wannan a fili yake. Mabushi daga Tokyo da mai ganga daga Johannesburg za su iya haɗuwa yau, ba su taɓa ganin juna ba, ɗaya ya ambaci sunan waƙa, su fara kiɗa nan take ba tare da gwaji ba. Da yawa daga waƙoƙin gaɓa 32 gare su, kowace gaɓa bugu huɗu, an kasa su huɗu: kashi na farko, a maimaita shi, a kawo wani daban da ake kira gada, sannan a koma na farko. Makaɗa kan busa karin waƙar sau ɗaya yadda aka san shi, daga nan kowa ya karɓa bi da bi yana ƙirƙirar nasa a kan wannan shimfiɗar, a ƙarshe su dawo kan karin su rufe.

Saboda haka a jaz waƙar ba ita ce ƙarshen aiki ba, fili ce da ake hawa a nuna gwaninta. Mai sauraro da ya san ta tun da can shi ya fi more ta, domin shi ne zai gane inda aka kauce da inda aka dawo.

Ƙahonin tagulla da bambancinsu da badujala

Idan aka ce mabusa ƙahon tagulla, da yawanmu badujalar 'yan sanda ko ta soja ke faɗo mana a rai, da manyan ganguna da fareti. Dangi ne, amma ba abu ɗaya ba ne. Ƙungiya irin Canadian Brass ta zauren kiɗa ce, mutum biyar: masu turamfet biyu, mai ƙahon Faransa mai naɗaɗɗen bututu, mai tirombon da ake ja ana turawa, da mai tuba, ƙaton ƙahon da ake runguma a cinya wanda ke ba da murya mafi kauri.

Abin da ya haɗa su ba ƙarfen da aka ƙera su da shi ba ne, yadda sauti ke fita ne. Mabushi yakan matse leɓɓansa a bakin ƙahon ya hura har su yi karkarwa, wannan karkarwar ita ce tushen sautin. Haka ake busa kakaki a ƙofar fada. Shi ya sa saksofon, duk da cewa da tagulla ake yin sa, ba ya cikin wannan gida: ɗan harshen kara ne ke karkarwa a bakinsa, ya fi kusa da algaita. Kakaki kuwa ba shi da maɓallai, don haka 'yan sautuka kaɗan yake iya bayarwa. Ƙahonin Turai ma da irin wannan iyaka suka daɗe, sai a shekarun 1810 da aka ƙirƙiro maɓallan canza tsawon bututu a Jamus. Ita tuba sai a 1835 aka yi mata rajista a Berlin.

Wannan tarihin shi ya haifar da matsalar da ta kawo mu nan. Tsarin mutum biyar ɗin bai kafu sosai ba sai a shekarun 1950, da ƙungiyoyi irin New York Brass Quintet ta 1954. Manyan marubutan kiɗan Turai irin su Bach da Mozart da Beethoven duk sun rasu ba su rubuta wa irin wannan ƙungiya komai ba, domin babu ita a zamaninsu. Masu goge huɗu na Turai sun gaji ɗaruruwan manyan ayyuka, masu ƙaho biyar kuwa sun tashi kusan hannu rabbana. Lokacin da Chuck Daellenbach mai tuba da Gene Watts mai tirombon suka kafa Canadian Brass a Toronto a 1970, dole ce ta sa su neman wanda zai ɗauko kiɗan wasu ya gyara musu shi daidai bakinsu.

Mutumin da ba a gani a hoton faifai

Wanda ya yi musu wannan aiki a ɓangaren jaz shi ne Luther Henderson, baƙar fatar Amurka da aka haifa a 1919 ya rasu a 2003. A unguwar Harlem ta New York ya tashi, maƙwabcin iyalin Ellington, ya yi karatun kiɗa a makarantar Juilliard, ya kuma yi wa Ellington ɗin kansa aikin shimfiɗa kiɗansa ga manyan ƙungiyoyin makaɗa. Ya shafe shekaru masu yawa yana tsara kiɗan wasannin Broadway. A cikin kusan shekara 20 ya tsara wa Canadian Brass kiɗa sama da 100. A ganina, duk wanda ke son fahimtar faifan 1999, sunan Henderson ya kamata ya fara nema kafin na mabusan.

Ga abin da ke gabansa idan ya zauna da takarda. Ƙungiyar da Ellington ya naɗi waƙar Take the "A" Train da ita a ranar 15 ga Fabrairu 1941 mutum 15 ce: masu ƙaho shida, masu saksofon biyar, sai fiyano, jita, babban goge mai kaurin murya da ake tsinka da yatsa, da ganguna. Henderson biyar gare shi. Kuma ƙaho ba fiyano ba ne da yatsu goma za su danna sautuka da yawa lokaci guda, kowane ƙaho sauti ɗaya yake fitarwa a lokaci ɗaya.

Mu yi lissafi. Tuba ta tafi riƙe ƙasa, aikin da babban goge ke yi. Turamfet ɗaya ya ɗauki karin waƙa. Saura uku. Amma gungun sautin da ke ba jaz ɗanɗanonsa sau da yawa sautuka biyar ne ko shida a haɗe. Ke nan a kowace gaɓa sai mai tsari ya yanke hukunci: wanne zai bari, wanne zai zubar, yadda kunne zai ci gaba da jin gungun kamar cikakke ne. Kamar mai girki ne da aka ba kwano uku aka ce ya fitar da ɗanɗanon miyar da aka saba yi da kayan haɗi goma. Idan ya zubar da wanda bai kamata ba, waƙar za ta koma kamar taken makarantar firamare.

Sai batun numfashi, wanda ni shi ya fi ba ni sha'awa. Mai babban goge zai iya tsinka jijiya sau huɗu a kowace gaɓa na tsawon minti goma bai tsaya ba, domin yatsa ba ya numfashi. Mai tuba da huhu yake aiki, kuma ƙahonsa ya fi kowanne shan iska. Ka kalli mai tuba a bidiyo yana tafiyar da irin wannan taku: za ka ga gefen bakinsa ya ɗan buɗe cikin ƙiftawar ido, ƙirjinsa ya ɗaga, ya ci gaba ba tare da taku ya karye ba. Wannan ɗan sararin ba sa'a ba ce, mai tsari ne ya bar masa shi a takarda, ko kuma ya sa tirombon ya karɓi sauti ɗaya ko biyu don ɗan'uwansa ya shaƙi iska. Haka leɓɓan masu turamfet ke gajiya, musamman a sautuka masu tsini, don haka akan raba karin tsakanin su biyun, wannan ya busa gaɓa takwas ya miƙa wa wancan.

Ganguna kuma babu. Bugun da ke sa ƙafar mai sauraro motsi dole ya fito daga takun tuba da gajerun sautuka da ƙahon Faransa da tirombon ke jefawa a tsakani. Akwai kuma launin murya. Makaɗan Ellington na farko, Bubber Miley mai turamfet da Joe Nanton mai tirombon, sun shahara da rufe bakin ƙaho da robar nan ta buɗe toshewar bututun ruwa, suna buɗewa suna rufewa har ƙahon ya yi kamar mutum na magana ko kuka. Mai tsari sai ya rubuta inda za a sa irin wannan murfi da inda za a cire, ya kuma bar wa mabushi daƙiƙun da zai miƙa hannu ya ɗauka.

Wanda ya ce babu aiki a nan bai taɓa zama ya raba waƙa ɗaya ga bakuna biyar ba.

To jaz ne, ko kwaikwayon jaz?

Nan ne ra'ayi ya rabu, kuma kowane ɓangare na da abin faɗa.

Masu suka sun ce ran jaz shi ne ƙirƙira nan take. Mabusan zauren kiɗa an horar da su ne su karanta abin da ke takarda su fitar da shi tsaf, kuma sau da yawa har wurin da ke kama da mabushi ya saki jiki yana zuba daga ka, a rubuce yake. Sun ƙara da cewa rausayar jaz, wannan ɗan jan ƙafa da ke tsakanin bugu da bugu, ba ta rubutuwa. Ko ka tashi da ita a kunne, ko ka yi shekaru kana nemanta. Akwai kuma ƙorafin da ya fi wannan nauyi: kiɗan da baƙaƙen fata suka ƙirƙira a lokacin da ake hana su kwana a otal ɗin da suke wasa, yau ana wanke shi a kai shi manyan zauruka inda tikiti ke da tsada.

Ina ganin gaskiya a cikin wannan suka, musamman batun rausaya. Akwai faifan mabusa da yawa da komai nasu daidai ne amma ba sa motsa ƙafa.

Sai dai tarihin waƙar da aka sa wa faifan sunanta ya raunana rabin hujjar. A naɗin 1941, Ray Nance ne ya yi busar kaɗaici da turamfet, kuma ta zauna daram a kunnen jama'a har waɗanda suka gaje shi a ƙungiyar suka riƙa maimaita ta kusan sauti da sauti. Wato a gidan Ellington ma, abin da aka fara ƙirƙira yakan daskare ya zama ɓangaren waƙa. Ellington kansa marubucin kiɗa ne, yawancin abin da ƙungiyarsa ke busawa a takarda yake. Ba a taɓa samun katanga tsakanin rubutu da ƙirƙira a jaz ba.

Batun cewa ƙaho biyar baƙo ne a jaz ma bai tsaya ba. A bakin ƙahon tagulla aka haifi jaz, a titunan New Orleans, inda badujalar baƙaƙen fata ke raka gawa maƙabarta da kiɗa mai sanyi, su dawo da mai zafi. Louis Armstrong, shahararren mai turamfet ɗin da ya zo Accra a 1956 ya kuma zo Najeriya a 1960, a gidan horon yara na wannan birni ya koyi busa a 1913. A faifan jaz na farko-farko, tuba ce sau da yawa ke riƙe ƙasa, sai da naɗi da makirfo ya zo a 1925 babban goge ya fara ture ta a hankali. Don haka mai tuba da ke takawa a ƙarƙashin waƙar Ellington tsohon gurbinsa ya koma.

Kuma hanyar Canadian Brass ba ita kaɗai ba ce. Dirty Dozen Brass Band ta New Orleans, da aka kafa a 1977, ta ɗauki waƙoƙin Monk da na gidan Ellington ta mayar da su kiɗan titi, da ganguna da saksofon da ƙirƙira nan take, a 1993 kuma ta fitar da faifai sukutum na waƙoƙin Jelly Roll Morton, ɗaya daga makaɗan jaz na farko. Lester Bowie, mai turamfet ɗin da ya zauna a Legas wurin Fela Kuti a 1977, ya kafa Brass Fantasy a 1984, ya riƙa ɗauko har waƙoƙin rediyo na yayi yana yi musu busar jaz. Waƙa ɗaya za ta iya shiga hannun ukun nan ta fito da fuska uku.

Wa ke da waƙar, wa ke karɓar kuɗi?

Abin da ya raba wannan sana'a da sata shi ne suna da biya. Kowane faifai haƙƙi biyu ke kansa: na wanda ya tsara waƙar, da na naɗin da aka yi. Canadian Brass da kamfaninsu su ke da naɗinsu, amma waƙar tana nan ta masu ita.

Tun 1909 dokar Amurka ta buɗe wata ƙofa: da zarar mai waƙa ya yarda an fitar da ita a faifai sau ɗaya, kowa na iya naɗar tasa ba tare da roƙon izini ba, muddin ya bi ƙa'idar sanarwa ya kuma biya kuɗin da hukuma ta yanke a kan kowane kwafi. A 1909 senti 2 ne, a 2023 ya koma senti 12 ga faifai da abin da aka saya aka sauke. Dokar ta yarda a gyara waƙar ta dace da salon mai yi, amma ba a sauya ainihin karinta ba. Ƙofar ta sauti ce kawai. Buga sabon tsarin a takarda a sayar, ko ɗora shi a fim, sai da yardar mai haƙƙi.

Shimfiɗar gungun sautuka ita kaɗai ba a mallakarta, karin waƙa da baitoci ake mallaka. Shi ya sa makaɗa irin Charlie Parker suka riƙa ɗora sabon kari a kan shimfiɗar tsofaffin waƙoƙi. Wadda aka fi yi wa haka ita ce I Got Rhythm ta George Gershwin ta 1930. Waƙoƙin wancan zamani shekara 95 dokar Amurka ke kare su, don haka na 1930 sun zama na kowa daga 1 ga Janairu 2026.

Batun suna kuma ya taɓa waƙar da muke magana a kai kai tsaye. Mutane da yawa sun ɗauka Ellington ne ya rubuta ta, domin ita ce taken ƙungiyarsa. Billy Strayhorn ne, wani matashi daga Pittsburgh da Ellington ya kwatanta wa hanyar gidansa a Harlem, kwatancen ya fara da cewa ya hau jirgin ƙasa na layin A. Ya rubuta ta a 1939. Ta zama take ne a 1941, lokacin da gidajen rediyon Amurka suka ƙaurace wa waƙoƙin ƙungiyar marubuta ta ASCAP kan rikicin kuɗi. Ellington ɗan ƙungiyar ne, Strayhorn ba ya ciki, sai aka koma ga waƙoƙinsa. Ke nan a faifan 1999 hannu uku ne a kan wannan waƙa: na Strayhorn da ya haife ta, na Henderson da ya sake mata ɗinki, na mabusa biyar da suka hura mata iska.

Abin da ya shafi mai sauraro da matashin mawaƙi

Matashin da ke son sake tsohuwar waƙa a Kano ko Kaduna kada ya ɗauka dokar Amurka ta rufe shi. A Najeriya dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ce ke aiki, ta ba mai waƙa iko a kan sake mata fasali, kariyar kuma tana kaiwa shekara 70 bayan rasuwarsa. Alhaji Mamman Shata a 1999 ya rasu, shekarar da wancan faifai ya fito, ke nan waƙoƙinsa suna da masu su har ƙarshen 2069. Neman yardar magada da rubuta sunan mai waƙa ba alfarma ba ce ake yi musu.

Ga ƙananan ƙungiyoyin busa na makarantu da coci-coci a ƙasashe da dama, amfanin irin aikin Henderson a takarda yake: ana buga tsare-tsaren a sayar, yara biyar da malaminsu su samu hanyar taɓa kiɗan Ellington ba tare da sun tara mutum 15 ba.

Shi kuwa mai sauraro, shawarata ita ce kada ya yanke wa irin wannan faifai hukunci daga lasifikar waya. Ƙaramar lasifika ba ta iya fitar da kaurin muryar tuba, sai ka ji turamfet kaɗai yana shawagi ba ƙasa, rabin aikin ya ɓace. Sa abin ji a kunne. Fara da naɗin Ellington na 1941, kusan minti uku ne, ka saurare shi sau biyu har karin ya zauna maka. Sannan ka kunna na mabusa biyar, ka bar turamfet ya yi ta kansa, ka bi tuba kawai daga farko zuwa ƙarshe kana neman inda take numfashi da wanda ke riƙe mata taku a wannan lokacin.